Salah ko De Bruyne: wanne Chelsea ta fi tafka asara?

Ɗan'uwa, ka tambaya sayar da wanne ya fi yi wa Chelsea ciwo. Ni kam De Bruyne ne, har yau abin na ci mini rai. Wasa 3 kacal ya buga mana a Firimiya, kocinmu na lokacin, Mourinho, ya jibge shi a benci, a Janairun 2014 aka sallama shi ga Wolfsburg ta Jamus kan fam miliyan 18. Shekara ɗaya da rabi kawai, Manchester City ta zuba kusan miliyan 55 ta ɗauko shi. Shi Salah, Hazard da Willian ne suka tare masa hanya, ana iya yi wa kulob uzuri. Amma mai raba ƙwallo irin De Bruyne? Sai ga mu muna sayen wani mai raba ƙwallon, Fabregas, 'yan watanni bayan mun sayar da shi.