Amsa ga ɗalibin Kongo mai son zama lauyan shari'o'in kasuwanci

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana ajin ƙarshe a tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke harabar Kongo, burinka ka riƙa tsayawa kotu a manyan rigingimun bankuna da kamfanoni, kana tambaya ko hakan zai yiwu daga nan Zariya. Ni ma Kongo na yi, kuma a wannan layin nake neman abinci.

Ɗalibi abin da yake hangowa shi ne baƙar riga da ƙure shaida da tambayoyi. Akwai wannan, amma yawancin aikin a kan tebur ake yin sa. A tsarin kotunanmu na yanzu, ranar da ka shigar da ƙara za ka haɗa da sunayen shaidunka, da bayaninsu a rubuce bisa rantsuwa, da kwafin duk takardar da za ka kafa hujja da ita. Abin da ka bari a baya, sai ka sha wuya kafin ka shigo da shi.

Ɗauki misalin ɗan kasuwar hatsi da ya ci bashin banki ya jinginar da gidansa, banki ya ce kuɗin ya ninka. Za a ajiye maka tarin takardun asusunsa na shekaru, ka bi su layi-layi da biro: kuɗin ruwan da aka ɗora ya yi daidai da abin da ke cikin takardar yarjejeniya? Wannan cajin da ake cirewa duk ƙarshen wata, ina aka rubuta shi? A nan ake samo tambayar da za ta sa jami'in banki ya yi shiru a gaban alƙali. Kuma tunda daga kwamfuta aka fitar da takardun, dole a cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, in ba haka ba kotu ta ƙi karɓarsu. Saboda haka ka kama abota da 'yan akanta tun yanzu, su koya maka karanta lissafin kamfani. Lauyan da lissafi ke ba shi tsoro ba ya nisa a nan.

Sai hurumi, wato sanin kotun da ke da ikon sauraron ƙara. Sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya batutuwa irin su tafiyar da kamfani, wato daga Zariya Kaduna za ka nufa, inda kotun take. Amma rikicin banki da mai ajiya, Babbar Kotun Jiha ma tana da ikon saurara. Ka kai ƙara inda bai dace ba, ana iya tayar da maganar ko a Kotun Ƙoli, aikin shekaru ya bi ruwa. Ka nemi hukuncin Okafor da Nweke na 2007 ka karanta: an sa hannu a takardun kotu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya, Kotun Ƙoli ta yi watsi da su.

Maganar Zariya kuwa, gaskiya manyan shari'o'in nan suna Legas da Abuja, sai kaɗan a Kano da Kaduna. Nan abin da ya fi yawa filaye ne, haya, gado, da bashi tsakanin 'yan kasuwar Sabon Gari. Sai dai kada ka raina su. A babban ofishi, ƙaramin lauya yana iya daɗewa yana ɗaukar wa maigida fayil bai buɗe baki a kotu ba. A nan kuwa da wuri za a tura ka kai kaɗai gaban mai shari'a. Ni a ganina, bayan makarantar horar da lauyoyi da bautar ƙasa, ka yi shekara biyu ko uku a nan ƙafarka ta tsaya, sannan ka nemi babban ofishi. Albashin farko dai sai haƙuri, kuɗin mota ma wani lokaci daga aljihunka zai fito.

Ka kuma karanci dokar kamfanoni ta 2020 da dokar sasanci ta 2023, domin kwangiloli da yawa suna ɗauke da sharaɗin a je gaban masu sasanci maimakon kotu. Batun SAN da ka ambata, wato muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, sai ka cika shekara 10 da zama lauya kafin ma ka nema.