Amsar Baffa a kan gayya da tsofaffin kawunan jirgi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ɗana, saƙonka ya iso, kuma na karanta shi sau biyu, na farko da murmushi, na biyu da ɗan zullumi. Ka ce duk ranar Asabar kana zuwa Barrow Hill, kusa da Chesterfield, kana shiga cikin masu gyaran tsofaffin kawunan jirgin ƙasa masu aiki da man dizal, babu albashi, hasali ma daga aljihunku kuke haɗa kuɗin kayan gyara. Mahaifinka kuwa ya ce ba don ka shafa baƙin mai a kyauta aka tura ka karatu Ingila ba. Kana tambaya ko wannan aiki gayya ne a al'adarmu, kuma ko wajibi ne ka daina tunda ya nuna bai so.

Abin da ya sa ni murmushi shi ne sunan kamfanin da ka ambata. Ka ce waɗannan kawuna da ake kira Deltic guda 22 aka ƙera a 1961 da 1962, suka yi shekara ashirin suna jan fasinja tsakanin Landan da Edinbara, shida suka tsira daga yanka, kuma kamfanin English Electric ne ya ƙera su. To, shi ne ya ƙera kawunan dizal na farko da aka kawo ƙasar nan a 1955, aka ɗora su a kan layin Zariya zuwa Kano, domin a nan arewa ruwan da kan jirgi mai kwal yake sha wahala ne da rani, kwal ɗin kuma sai an ɗauko shi tun daga Inugu. Ina yaro lokacin, muna bin gefen layin dogo muna mamakin jirgin da ba ya tururi, kuma a cikinsu na koyi riƙe sufana bayan wasu shekaru.

Akwai wani dare da ban taɓa mantawa ba. Lokacin hunturu ne, kakar gyaɗa, ina ƙaramin mai koyo a Loko ta Zariya, wato rumfar gyaran kawunan jirgi. Bayan la'asar aka shigo da wani kai daga Kano, ya jawo taragun gyaɗa yana zafi, yana jan jiki da ƙyar, alhali lokacin tashinmu ya yi, wasu har sun wanke hannu. Maigidanmu, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya tsaya ya dubi kan jirgin, ya ce babu kuɗin ƙarin lokaci, wanda yake da uzuri ya tafi, shi dai zai kwana, domin akwai buhunan talakawa a tasha suna jira. Babu wanda ya ɗauki hularsa. Ƙurar hunturu ta toshe lagireto da matatar iska, muka ciro su muka yi ta wanki, wasu kuma suka sauka ramin da ke ƙarƙashin layi suna sauya ƴan guntayen gawayin da ke kai wuta cikin injinan lantarki masu juya ƙafafu, domin injin dizal ɗin janareto yake juyawa, wutarsa ce take jan jirgin. Aikina riƙe fitila ne, hannuna yana rawa don sanyi, maigida yana cewa in matso da ita. Wajen tsakar dare sai ga yara daga kwatas ɗin Reluwe da tukunyar kunun tsamiya da ƙosai a cikin kwano, iyayensu mata ne suka aiko ba tare da an tambaye su ba. Da muka idar da sallar asuba aka tayar da injin. Ya yi tari sau biyu, baƙin hayaƙi ya cika rumfa, sannan muryarsa ta daidaita. Maigida ya ɗora bakin wani dogon ƙarfe a jikin injin, ya kara ɗaya bakin a kunnensa, ya rufe ido ya daɗe yana saurare, kafin ya ɗaga kai ya ce a buɗe hanya.

A wannan safiya ya ce mana hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanka kuma, Allah ya ji ƙansa, da na ba shi labari, sai ya ce gayya iri biyu ce: akwai ta gona, wadda take da mai ita, ya ciyar da ku yau, gobe ku je tasa ko ya zo taku, akwai kuma ta gari, irin yashe rijiya da yaɓen masallaci kafin damina, wadda ba a bin kowa bashinta. Naku ya fi kama da ta biyun.

Zullumina kuwa namu ne. Na ga kawunan da muka kwana a ƙarƙashinsu an jingine su a ƙarshen layi, ciyawa ta fito ta cikin tagar direba, awaki suna kwana a inuwarsu, masu sayen gwangwan suna kwance abin da ya kwantu. Ɗan abin da aka adana kaɗan ne: ƙananan kawuna masu kwal na tsohon layin Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, suna gidan tarihi na Jos, sai kuma gidan Jaekel da ke Ebute Metta a Legas, inda masu sa kai na ƙungiyar Legacy suke kula da kayan tarihin reluwe. Samarinmu suna ɗaukar hoto a jirgin Abuja zuwa Kaduna tun da aka buɗe shi a 2016, amma ban ga wanda ya zo ya tambaye mu yadda ake sauraron inji ba, alhali iyayenmu sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Batun mahaifinka, kada ka yi masa gardama a waya, kuma kada karatunka ya sami tangarɗa saboda Asabar ɗin nan. Ƙanena ne, zan zauna da shi ranar Juma'a bayan masallaci. Kafin nan, idan sun tashi tayar da ɗaya daga cikin kawunan da sanyin safiya, ka tsaya kusa da shi ka naɗo mini ƙararsa tun daga tarin farko, ka aiko mini. Ka gaishe mini da dattijan da kuke aiki tare.