Ɗana ya yi nisa a lissafi amma karatu na ba shi wuya: wace jarrabawa zan zaɓa masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a jihar North Carolina ta Amurka, kuma a gida nake koyar da ɗana. Shekararsa tara, a ƙa'ida ɗan aji huɗu ne. Lissafi kam har littafin aji shida ya kusa cinyewa, amma karatun Turanci kalma-kalma yake tsinta, rubutu kuwa sai an kai ga kuka. Dokar jiha ta ce a yi masa jarrabawa duk shekara. In na ɗauko ta aji huɗu, lissafin wasa ne a wurinsa; in na ɗauko ta aji shida, karatun zai kayar da shi. Wacce zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka.

Ki fara kwantar da hankalinki ta ɓangaren hukuma. Abin da North Carolina take so shi ne a yi wa yaro jarrabawar da aka daidaita ta a matakin ƙasa, sau ɗaya a shekara, ta ƙunshi nahawun Turanci da karatu da haɗa baƙaƙe da lissafi, sannan ki adana sakamakon aƙalla shekara guda. Ba ta yanke wani maki da za a ce ya faɗi in bai kai ba. Wasu jihohin ba haka suke ba: New York tana neman jimillar sakamako ta haura matsayi na 33 cikin ɗari (wato yaro ya wuce yara 33 cikin kowane 100 na sa'o'insa), ko a nuna ci gaban shekara guda, Virginia kuma tana neman kusan matsayi na 23 ko takardar shaida daga mai tantancewa. Tunda ke babu wannan takurawar a kanki, ki zaɓi jarrabawar da za ta gaya miki gaskiya game da ɗanki.

A ganina ba ta aji huɗu ba ce, ba kuma ta aji shida ba. Jarrabawoyin da aka saba saye, irin su Iowa da Stanford 10 da CAT, kowane aji da nasa littafin, kuma yawancin tambayoyin an tsara su ne don yaron da ke tsakiyar ajin. Rigar kanti ce, ɗanki kuwa awon tela yake buƙata, a auna kafaɗa daban, tsawo daban. In ya amsa duk tambayoyin lissafin aji huɗu daidai, abin da kika sani kawai shi ne ya wuce aji huɗu, wanda dama kin sani. Inda ƙarfinsa ya tsaya bai fito ba. Ga kuma wata illa da iyaye ba su cika lura da ita ba: tambayoyin lissafi da yawa a rubuce suke cikin jimloli. Yaron da karatu ke ba wuya yana iya faɗuwa tambayar da ya san amsarta sarai, saboda ƙarfinsa ya ƙare wajen haɗa kalmomin.

Wadda na fi ba ki shawara ita ce Woodcock-Johnson. Ba a aji ake yin ta ba. Wanda ya samu horo ne zai zauna da yaron su biyu, kimanin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kowane fanni ana farawa daga mai sauƙi ana hawa, sai yaro ya kuskure tambayoyi a jere, galibi shida, sannan a tsaya a koma wani fanni. Ta haka lissafinsa zai hau har inda ya ga dama, karatun kuma a tsayar da shi kafin ya karaya. Tambayoyin lissafi na jimla mai jarrabawar ne ke karanta masa su da baki. Akwai ma wani sashe da nake so ki nema musamman, inda ake ba yaro kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana ya karanta. Ba yadda za a yi ya haddace su ko ya yi hasashe daga labari, dole sai ya haɗa sautin baƙaƙe. Wannan sashen yakan nuna ko matsalar daga tushe take.

In kuɗinta ya yi miki yawa ko babu mai yin ta kusa, sai MAP Growth ta ƙungiyar NWEA, wadda ake yi a kwamfuta. In yaro ya amsa daidai sai tambaya ta gaba ta ƙara wuya, in ya kuskure ta sauko. Ba a ƙayyade lokaci. Sai dai ki shirya shi tun kafin ranar: an tsara ta ne ta yadda kowane yaro zai kuskure kusan rabin tambayoyin. Yaron da ya saba cinye lissafi zai iya firgita in ba a gaya masa ba. Kuma ki haɗa da sashen amfani da harshe, don ki cika fannonin da doka ta lissafa.

Idan sakamako ya zo, kada jimillar maki ta ɗauke miki hankali. An haɗa mai yawa da mai kaɗan an raba, sai ta nuna miki yaro matsakaici wanda babu shi a gidanki. Ki duba kowane fanni shi kaɗai. Matsayi na 90 cikin ɗari yana nufin ya kai ko ya wuce yara 90 cikin kowane 100 na sa'o'insa. Lambar da ke cewa "daidai da aji 7" kuwa ita ta fi ruɗa iyaye. A jarrabawar aji huɗu, ma'anarta ya ci abin da ɗan aji bakwai zai ci da an ba shi wannan takardar ta aji huɗu. Ba ta ce ya iya darasin aji bakwai ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki. Yaro mai shekara tara da ke warware lissafin aji shida amma yana tsintar kalmomi, har rubutu na sa shi kuka, bai kamata a bar shi da "zai kama in ya girma" ba. Wata kila don Hausa ake yi a gida ne kuma Turancin bai zauna ba, domin waɗannan jarrabawoyin da yara masu jin Turanci aka auna su. Ki gaya wa mai jarrabawar wannan tun farko. Wata kila kuma disleksiya ce, wato wahalar haɗa sauti da baƙi, wadda ba ta da alaƙa da ƙarancin basira ko lalaci. Gwada wannan a gida: ki karanta masa labari da baki, ki yi masa tambayoyi. In ya amsa tsaf, amma ya kasa in shi ya karanta da kansa, to fahimta na nan, karanta baƙaƙen ne ke tare shi.

Jarrabawar shekara ba ta tabbatar da disleksiya. Wannan aikin ƙwararre ne, kuma dokar tarayya ta ilimin yara masu buƙata ta musamman, wato IDEA, ta ɗora wa hukumomin makarantun gwamnati nauyin nemo yaran da ake zaton suna da irin wannan matsala su tantance su kyauta. Ki rubuta wa ofishin ilimi na gundumarku buƙatarki a takarda, ki sa kwanan wata, ki haɗa da sakamakon jarrabawar da samfurin rubutun hannunsa guda biyu ko uku.