Jaguar E-Type: Series 1 ko Series 2?

Tambaya: Ina tara tsofaffin motoci. An yi min tayin E-Type guda biyu a Ingila, Series 1 ta 1965 da Series 2 ta 1970. Ta farkon ta fi tsada nesa ba kusa ba. Ta cancanci kuɗin?

Amsa: Malam, tsadar a fuska take. Injin ɗaya ne, mai silinda shida, lita 4.2. Amma ta 1965 fitilunta na gaba suna lulluɓe da gilashi, bakinta ɗan ƙarami, fitilun baya sirara a saman bamba. Wannan surar ce ta girgiza bajekolin motoci na Geneva a 1961, ita kuma masu tarawa ke bi. Da ta 1965 ka ma tsira daga giyabos ɗin kamfanin Moss na E-Type na farko masu lita 3.8, wanda giyarsa ta ɗaya ba ta shiga da daɗi sai mota ta tsaya.

Series 2 ta fito a 1968, dokokin Amurka ne suka sauya mata kama: aka cire gilashin fitila, aka mai da fitilun baya ƙarƙashin bamba. Sai dai bakinta ya fi faɗi, fankokin lagireto biyu ne, birkinta ma ya fi ci. In hawa za ka riƙa yi a garin zafi, ita ce ba za ta riƙa tafasa maka ruwa a cunkoso ba. Buɗe bonet ka ƙirga kabireta: SU uku ta kasuwar Ingila ce, Stromberg biyu ta Amurka, kuma ƙarfinta ya ragu.

In ajiya ce don daraja, ɗauki ta 1965, amma da sharaɗi. Nemi takardar shaida daga Jaguar Daimler Heritage Trust, gidauniyar da ke adana bayanan tsofaffin motocin Jaguar, ka gwada lambar shasi, ta inji da ta giyabos da waɗanda ke cikin takardar. In ba su dace ba, kada ka biya wannan farashin.

Sannan tsatsa, wadda ba ta san Series ba. Bi ƙasan ƙofofi da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, ciko aka shafe. Ɗaga kafet ka duba daɓen, ka leƙa inda ƙarafan ƙafar baya suka kama jiki. Siraran bututun da ke riƙe inji daga ciki suke ruɓewa, kuma ba a yi musu walda, sabo ake sawa. Tambayi yaushe aka canja kuloci, don sai an sauke inji ɗungurungum ake kai masa hannu.