Tukunyar ƙasa a lambu: amsoshin tambayoyinku kan ban ruwa, sanyaya kayan gwari da ajiyar iri

Tambayoyin da suka shigo a wannan karon sun taru ne a kan tukunyar ƙasa, kuma yawancinsu amsar tana hannun maginiya kafin ta iso hannun manomi.

Tambaya: Rijiyata tana janyewa tun rani bai yi nisa ba. Na ji ana binne tukunya a gindin shuka don ban ruwa, na gwada da wata mai sheƙi da na saya, amma ruwan ciki bai ragu ba, tumatir ɗin kuma ya yi yaushi. Ina matsalar take?

Malam, dabarar lafiyarta ƙalau, tukunyar ce ba ta wannan aikin ba. Tsohuwar hanyar ban ruwa ce, wani littafin noma na ƙasar Sin da aka rubuta fiye da shekaru 2,000 da suka wuce ya yi bayaninta, kuma har yau ana amfani da ita a busassun yankunan Indiya, Iran da Meziko. Sirrinta ƙananan kafofin da ke jikin tukunya ne, waɗanda ido ba ya gani. Yumɓu yana zama tukunya ne idan wuta ta kai wajen digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, daga nan ko an jiƙa shi ba zai koma laka ba. Wadda aka gasa a fili da kara da itace galibi zafinta ba ya wuce digiri 900, saboda haka kafofin suna nan, ruwa yana naso ta jikinta. Wadda ta shiga tanderu mai digiri 1,200 ko fiye kuwa jikinta ya riga ya haɗe, haka ma wadda aka shafa wa ruwan gilashi ta fito da sheƙi irin na tangaran. Irin wannan ko shekara ta yi a binne ba za ta shayar da ko ciyawa ba.

Idan tukunyar ta dace, ƙasar da ke kewaye da ita ce ke tsotsar ruwan. In ƙasa ta bushe sai tsotson ya ƙaru, in ta ƙoshi ya ragu. Ke nan shuka ce ke ɗibar abin da take buƙata, ba kai kake yi mata kirdado ba, kuma ruwan ba ya kwanciya a sama balle rana ta shanye shi ko ciyawa ta samu. Da ka tono tukunyar a ƙarshen shekara za ka tarar saiwoyi sun nannaɗe ta gaba ɗaya.

Shawarata ita ce ka je wurin maginiya da ƙafarka, ka faɗa mata aikin da za a yi da tukunyar. Ka ce kana son tulu mai faɗin ciki da ƙaramin baki, wanda zai ci lita 5 zuwa 10. Ka roƙe ta kada ta goge bayansa da dutse, domin gugar nan da ke sa tukunya santsi da kyau ita ce ke toshe kafofin waje. In ta yarda, ta ƙara ɗan niƙaƙƙen ɓuntun shinkafa ko garin katako a cikin yumɓun: wuta za ta cinye su ta bar gurabensu, naso ya ƙaru. In ya yi yawa tulun zai yi rauni, amma gwargwadon nan ta fi ni da kai saninsa, kada ka tsaya koya mata. Sannan ka ba ta lokaci. Sai ta haƙo yumɓu ta jiƙa, ta tsince duwatsu, ta cuɗa, ta gina, ta bar su su sha iska a inuwa kwana da kwanaki, don tukunyar da ta shiga wuta da danshi fashewa take yi. Ba ta kuma hura wuta saboda tulu biyar, sai kaya sun taru, kuma a kowane gashi ana samun waɗanda suka tsage. Wanda ya zo mata ana gobe dashe, abin da ya tarar a ƙasa shi zai ɗauka.

Kafin ka biya, ka ƙwanƙwasa kowane tulu da yatsa. Mai lafiya ƙararsa tana fita tas, mai tsaga ko wanda bai gasu ba ƙararsa a dushe take. Ka cika shi da ruwa ka ajiye a inuwa. Bayan 'yan sa'o'i ya kamata bayansa ya yi duhu, ya yi sanyi a tafin hannu. In yana ɗiga, akwai tsaga. In ya tsaya a bushe, ka bar shi.

Wajen binnewa, ramin ya fi tulun faɗi. Ka marmashe ƙasar da ka fitar, ka gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, ka mayar kana dannawa a hankali har ta manne da jikin tulun ko'ina, domin duk inda aka bar sarari tsotso ya yanke. Bakin ya ɗara ƙasa da yatsu biyu ko uku, a rufe shi da murfi saboda sauro da ƙura da ƙananan dabbobi. Tumatir, barkono, kankana ko kabewa, uku zuwa huɗu sun isa tulu guda, a dasa su kamar tafin hannu daga jikinsa. A jigawa danshin ba ya nisa, sai a matso da su. A ƙasa mai laka yana bazuwa, ana iya ja da baya kaɗan. Makon farko ka riƙa yayyafa musu ruwa ta sama, saiwarsu ba ta kai ba tukuna. Kada ka jira tulun ya ƙafe, da ya sauka rabi ka cika.

Abu biyu ke kashe wannan aiki: ruwa mai laka da ruwa mai gishiri. Na farko a bar shi ya kwanta kafin a zuba. Na biyu za ka gan shi ya yi farin ɓawo a jikin tulun. Bayan girbi a tono a kankare da burushi, in ya ƙi a mayar wa maginiya ta sa shi a gashi na gaba. A gindin dashen itace kuwa a cire tulun bayan shekara ɗaya ko biyu, kafin saiwa ta yi ƙarfin fasa shi. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa za ka shayar da kadadar masara da tuluna. Wannan dabara ta ƙaramin lambu ce da dashen itatuwa, inda ruwa ke da wuya amma hannu yana nan.

Tambaya: Ganye da tumatir suna lalace mini kafin ranar kasuwa. Randa cikin randa da ake faɗa tana aiki da gaske?

Tana yi, Hajiya, amma da sharaɗi. Wanda ya yaɗa ta a zamaninmu wani malamin makaranta ne ɗan Najeriya, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina, kuma ya sami lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a kanta a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar randa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa yana naso ta jikin babbar randar, iska ta busar da shi, bushewar nan ita ke janye zafi daga ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. Ba ƙaramin zafi take ɗauka ba: lita ɗaya ta ruwa in ta bushe, zafin da ta tafi da shi ya isa ya rage wa ruwa fiye da lita 50 zafi da digiri 10.

Sharaɗin shi ne busasshiyar iska. Da rani za ki ga aiki, da damina kuwa iska ta riga ta ƙoshi da laima, sanyin kaɗan ne. Ki ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba a ƙuryar ɗaki ba, ki ɗora ta a kan duwatsu don iska ta bi ta ƙasa, ki jiƙa yashin safe da yamma. Ta waje ce dole ta kasance mai naso. Ta ciki ko mai sheƙi ce babu laifi, ta ma fi tsabta. Tumatir, yalo, kuɓewa, karas, kabeji da ganye duk suna ƙara kwanaki, kuma wani ɓangare na amfanin daga danshin ciki yake zuwa, shi ke hana su yaushi. Sai dai ki raba nunannen tumatir da ganye, don yana fitar da wata iska da ke sa ganye rawaya da wuri. Albasa, tafarnuwa da hatsi ba su da wuri a ciki, bushewa suke so. Nama, madara da magungunan da ake ajiyewa a firiji kuwa kada ki kuskura: suna buƙatar sanyin firiji, randa ba ta kaiwa nan.

Tambaya: Na zuba irin wake a sabuwar randa na rufe. Da na buɗe sai ƙwari da fumfuna. Ba a ce randa tana adana iri ba?

Baba, halin da ya sa randa ta yi kyau a tambayoyi biyun farko shi ya cuce ka a nan. Jikin da ke fitar da ruwa yana kuma shigo da laima da iska, iri kuwa ba shi da maƙiyi kamar su. Masana iri suna da ƙa'idar da ke cewa duk kashi 1 cikin 100 na danshi da aka rage, rayuwar iri tana ninkawa kusan sau biyu. Don haka a fara da shanya. Ga gwaji mai sauƙi: busasshen gishiri da ɗan iri a busasshiyar kwalba, a girgiza, a bari na ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, iri bai bushe ba.

Don ajiya ka nemi randar da aka gasa sosai aka goge, ko mai sheƙi. Ka shanya ta a rana kafin ka zuba komai, ka gauraya waken da tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi, mudu da mudu, ka ƙara toka a sama, ka liƙe murfin da laka, ka ɗaga randar daga ƙasa. Tokar tana cike sararin da ƙwarin ke bi. In waken da yawa ne, buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Purdue ta Amurka, ya fi randa, domin yana hana iska shiga har ƙwarin su mutu. Randar da ta taɓa ɗaukar irin da aka sa wa maganin ƙwari kuwa ta bar ruwan sha da abinci har abada, jikinta ya riga ya sha.

Tambaya: Wata maginiya tana son ɗibar yumɓu a gefen gonata. Zai cutar da gonar?

Ɗan'uwa, yumɓun da take nema a ƙasa yake, ƙarƙashin baƙar ƙasar da shukarka ke ci. Ku yi magana tun farko: ta kwashe ta sama ta tara gefe, ta ɗebi abinta, a mayar da ta saman. Ku keɓe wuri guda nesa da hanyar ruwa da gindin itatuwa, kada rami ya zama mafarin zaizaya, kuma kada a bar shi da zurfi da miƙaƙƙen baki inda yara da dabbobi ke bi. In ƙasarka irin baƙar nan ce mai dararewa da rani, da wuya ma ta so ta ita kaɗai, don tana tsukewa da yawa, tukunya ta tsage wajen bushewa.

Ni da ni ne, ba kuɗi zan karɓa ba. Zan ce ta biya ni da tuluna, ta kuma bar mini tokar gashi. Tokar tana da sinadaran fotashiyam da kalshiyam, tana rage tsamin ƙasa, amma ba ta da naitirojin, don haka ba ta maye gurbin taki. A barbaɗa ta kaɗan-kaɗan, kuma kada a haɗa ta da takin zamani na yuriya lokaci guda, tana sa naitirojin ɗinsa ya bi iska.

Tambaya: Ana cewa a jera tsingaro a ƙasan tukunyar reno don ruwa ya riƙa wucewa. Haka ne?

Guda ɗaya a kan hudar ƙasa ya isa, don kada ƙasa ta zube. Tara su da yawa ba ya sa ruwa wucewa, sai ma ya sa ya tsaya a samansu, daidai inda saiwa take. Sauran ka kai wa maginiya. Tana daka su ta zuba a sabon yumɓu, su ne ke hana tukunya tsagewa a wuta.