Ina Yaƙin Yake A Tsofaffin Finafinan Sarakunan Ingila?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A nan Aboabo, Kumasi, mukan taru bayan isha'i mu kalli tsofaffin finafinan sarakunan Ingila marasa kala. Sai a yi ta shirin yaƙi, can kuma ɗan aike ya shigo ya durƙusa ya ce an ci gari. Yaƙin fa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Aljihu ne bai kai ba. A 1927 majalisar Biritaniya ta wajabta wa gidajen silima nuna finafinan gida, daga kashi 5 cikin 100 har ya kai 20, don rage mamayar na Amurka. Kamfanonin Amurka masu raba finafinai su ma dokar ta hau kansu, sai suka riƙa ba ƙananan masu shiryawa kwangila, kusan fam 1 a kan kowace ƙafa ta tsawon zaren fim. Ƙafa 90 ke wucewa a minti guda, ka ga fim ɗin awa ɗaya bai kai fam 6,000 ba. Ina kuɗin dawakai da dakaru?

Cikin mako biyu ake gamawa. A sutudiyon Twickenham da ke Landan har kwana ake yi, masu aikin rana su tashi, na dare su karɓi kyamara. Alkyabba da rawanin sarki hayarsu ake yi. Bango kuwa katako ne da zane mai fenti, a sauya labule da kujera, fada ta koma kurkuku.

Ganuwa ita ce abin lura. Ƙasanta kaɗai ake ginawa, a zana samanta a jikin gilashi, a kafa shi gaban kyamara. Kyamarar ta gusa ko da kaɗan, zanen ya rabu da ginin, asiri ya tonu. Shi ya sa hoton ke tsaye cak. Makirufo na lokacin ma ba ya jin nesa, dole 'yan wasa su cure wuri guda.

Amma kar ka raina su, a irin waɗannan finafinai masu araha ne shahararren darakta Michael Powell ya goge a ba da umarni. Fim ɗin Sarki Henry na 8 da Alexander Korda ya yi a 1933 ya fi waɗannan kuɗi, duk da haka akasarinsa cikin ɗakuna ne, kuma da shi Charles Laughton, wanda ya fito a matsayin sarkin, ya ci lambar yabo ta Oscar. Idan kun sake zama, ku sa ido kan ƙofa da taga, ku ƙirga sau nawa suka dawo a wani ɗakin daban.