Ƙanwata, jinin ya yi yawa a labarin nan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, wanda yake cikin aiki ya ajiye ta sai ya samu sarari. To, ƙanwata, na ji saƙonki, na kuma karanta babi biyun da kika turo na labarin ban tsoron da kike rubutawa. Abu biyu kika tambaya. Kin ce kin kashe mutum huɗu kafin shafi na goma, jini ko'ina, amma cikin waɗanda suka karanta ba wanda ya ce ya ji tsoro, wata ma dariya ta turo miki. Sannan kin ce an fara gaya miki wai duk mai rubuta irin wannan abu zuciyarsa ba ta da kyau. Bari in fara da na farkon, don a nan aikin yake.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma ban ji tsoro ba. Kuma ba wai ba ki iya rubutu ba ne, wallahi hannunki na da kyau, hirar Saude, jarumar labarin, da mahaifiyarta a farkon babi na ɗaya har sau biyu na karanta ta. Matsalar ita ce kin nuna min komai. Abin nan da ke bin Saude, kin tsaya kin zana min shi shafi ɗaya da rabi: jajayen idanu, zaƙo-zaƙon farce, yawu na dalala. Ina gama karanta wannan sai hankalina ya kwanta. Na san girmansa, na san kamanninsa, shi ke nan ya zama dabba kawai. Kafin ki zana shi kuwa, lokacin da ƙwanƙwasa ƙofa kaɗai ake ji, ni da kaina nake ƙera shi a cikin kaina, kuma abin da na ƙera ya fi naki muni, domin da tsorona na ƙera shi, ke kuwa ba ki san abin da nake tsoro ba.

Kin san fim ɗin nan Jaws na 1975, na katon kifin da ke cin mutane a bakin teku? Steven Spielberg ne ya shirya shi yana matashi. Sun ƙera kifin inji, amma da aka sa shi cikin ruwan gishiri sai ya riƙa lalacewa, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Dole ta sa aka yi yawancin fim ɗin ba tare da an nuna kifin ba. Sai kyamara ta riƙa tafiya a ƙarƙashin ruwa tana kallon ƙafafun masu iyo daga ƙasa, ga kiɗan nan mai sauti biyu da John Williams ya yi yana ƙara sauri, daga baya kuma sai durom-durom masu ruwan ɗorawa da aka maƙala wa kifin su ɓullo a saman ruwa, ka san yana nan kusa. Sai fim ya yi nisa sosai kafin a ga kifin ƙuru-ƙuru. Kuma a ganina, daga inda aka fara nuna shi sosai, daga nan tsoron ya fara raguwa. Wato lalacewar injin ce ta gyara musu fim.

To wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi shi muhimmanci, ki saurara da kyau. Mutum huɗun da kika kashe, ban san ko ɗaya daga cikinsu ba. Mai gadin nan, ko suna ba ki ba shi ba. Ya fito a layi ɗaya, a layi na uku hanjinsa na ƙasa. Me zan ji? Mutuwar wanda ban sani ba labari ce kawai. Ki duba Psycho na Alfred Hitchcock, 1960, fim ne ma baƙi da fari. Matar da ake kashewa a banɗaki, an fi minti arba'in ana tare da ita. Mun ga ta saci dala dubu 40 na wurin aikinta, mun ga fargabarta a hanya, ɗan sanda ya leƙo motarta mu ma gabanmu ya faɗi. Kuma abin da ya fi ci min rai, a daren nan ta riga ta yanke shawarar komawa ta mayar da kuɗin. Ta tuba, kin gane? Sai a lokacin aka kashe ta. Shekara sittin da wani abu mutane na maganar wannan wurin, alhali in kin tsaya kin duba, yawanci yankan hoto ne da ƙarar goge, jinin da aka nuna bai kai rabin na shafinki na bakwai ba.

Shi Hitchcock ɗin yana da wani misali da yake bayarwa. Mutum biyu na zaune suna hira a tebur, kwatsam bam ya tashi, masu kallo su razana na 'yan daƙiƙoƙi, an gama. Amma in an nuna wa masu kallo tun farko cewa akwai bam a ƙarƙashin teburin, ga kuma agogo na tafiya, to hirar banzan nan da suke yi ta zama azaba, kana ji kamar ka yi musu ihu su tashi. Ke bam kike ta tayarwa, ɗaya bayan ɗaya. Ki nuna min shi a ƙarƙashin tebur, ki bar ni in zauna da shi.

Shi ya sa finafinan nan na yanzu da ake yin shiru, shiru, sai a buga ƙara fuska ta faɗo gaban kyamara, ba sa burge ni ko kaɗan. Ai ko yaro ya laɓe bayan ƙofa ya ce miki "wa!" za ki zabura. Zabura daban, tsoro daban. Masu yanka mutane gunduwa-gunduwa awa biyu kuwa, wannan ƙyama ce, tashin zuciya ne, ni dai kashewa nake. Na san akwai masu son su a gidan nan, kar ku cinye ni, ra'ayina na faɗa.

Bari in ba ki misali da abin da za ki iya yi. Uwa ce ta tashi tsakar dare ta leƙa ɗakin yaranta, kamar yadda ta saba. Duhu ne, sai ta bi su tana shafa kawunansu tana gyara musu mayafi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta ja ƙofa, ta koma ta kwanta, har barci ya fara ɗaukarta. Sai ta tuna 'ya'yanta uku ne. Ki tsaya nan. Kar ki ce min me ta gani, kar ki kunna fitila. Ki bar ta kwance tana tunanin wane kai ne a cikin huɗun ya fi sanyi. Babu ɗigon jini a ciki, amma ki gwada karanta wa wadda ta turo miki dariyar nan da daddare.

Af, na tuna, wani a gidan nan ya taɓa tambaya ko littafi ya fi fim. Ba kullum ba. Amma akwai abin da littafi ke iyawa wanda kyamara ke wahala da shi, wato shiga cikin kan mugun. The Shining, Stephen King ya fitar da littafin a 1977, Stanley Kubrick ya mai da shi fim a 1980, kuma sananne ne King bai ji daɗin fim ɗin ba. Ɗaya daga cikin ƙorafinsa shi ne uban da labarin ke kansa, a cikin fim tun fitowarsa ta farko ka ga alamar taɓin hankali a fuskarsa. A littafi kuwa mutum ne mai son ɗansa, mai fama da giya da zafin zuciya, yana ƙoƙarin gyaruwa, kana kallo yana zamewa a hankali. Fim ɗin ya fi kyan kallo, wannan ba gardama, dogayen barandun otal ɗin da labarin ya faru a ciki har yanzu suna zo min a mafarki. Amma littafin ne ya sa ni baƙin ciki, kuma baƙin cikin ya fi daɗewa.

Haka Frankenstein. Yawancin mutane sun ɗauka sunan dodon ne, alhali sunan wanda ya haɗa shi ne. Fim ɗin 1931 ya mai da halittar wani gungumemen abu mai gurnani da ba ya magana. A littafin kuwa yana magana tiryan-tiryan, ya koyi karatu da kansa, ya zauna ya ba wanda ya yi shi labarin yadda duk inda ya nufa da alheri ake korarsa saboda muninsa. Sai ka rasa wa za ka tsana. Kisan da yake yi ba ka yarda da shi ba, amma ka san inda ya samo asali, kuma wannan sanin shi ke hana ka sukuni.

Wannan ya kawo ni tambayarki ta biyu. Kin san wa ya rubuta Frankenstein? Mary Shelley, 'yar Ingila, tana da shekara 18 ta fara shi, a 1816, suna zaune a bakin tafkin Janiba ruwan sama ya hana su fita, sai marubucin waƙoƙin nan Lord Byron ya ce kowa ya rubuta labarin fatalwa. A 1818 littafin ya fito. Yarinya ce kamarki. Akwai kuma Shirley Jackson a Amurka, da ta fitar da wani gajeren labari mai suna The Lottery a mujallar New Yorker a 1948. Ƙauye ne, safiya mai kyau, rana ta fito, yara na wasa suna tara duwatsu, manya na taruwa a dandali ana raha za a yi ƙuri'ar shekara-shekara. Ba zan ɓata muku ƙarshen ba, amma ku riƙe duwatsun nan a ranku. Da labarin ya fito wasiƙun zagi suka yi ta zuwa, wasu suka daina sayen mujallar gaba ɗaya. Matar nan kuwa uwa ce mai 'ya'ya huɗu, har littattafan ban dariya ta rubuta a kan rainon yaranta. Babu aljani ko ɗaya a labarin nata, maƙwabta ne kawai masu gaisawa da juna, shi ya sa ya yi wa mutane zafi.

Saboda haka masu cewa zuciyarki ba kyau, ki tambaye su wa ya fara ba su labarin Dodo. Ba kakarsu ba ce, wadda ta fi kowa son su? Yaro na maƙale a jikinta yana rawar ɗari yana cewa a ci gaba. Daɗin ke nan: gabanka na dukan uku-uku, tsigar jikinka na tashi, amma ka san kana da ikon rufe littafin. Ni a wurina ma wanda bai san zafin abu ba ba zai iya rubuta shi ya taɓa wani ba, mai tausayi ne ke gane inda ciwo yake. Inda kawai zan ja miki kunne shi ne ki lura da kanki lokacin rubutun. In kin ga kin fara jin daɗin wahalar da mutanen labarinki don wahalar kawai, kina ƙara wuƙa inda labari bai nema ba, to ki ajiye alƙalami ki sha iska, don mai karatu yana ganewa, kuma a nan yake barin ki.

Yanzu ga abin da nake so ki yi. Shafi ɗaya da rabin nan na siffanta dodon, ki cire shi duka, ki adana a wani wuri in ya yi miki ciwo. Cikin mutum huɗun ki bar uku da ransu. Mai gadin nan ki ba shi suna, ki ba shi abin da yake jira gobe da safe, ko da 'yarsa ce za ta zo daga makaranta, ki bar mu mu zauna da shi a bakin ƙofa shafi uku yana sauraren rediyonsa. Ƙwanƙwasar kuma, a babi na ɗaya kin ce daga waje ake yi. Ki gwada a babi na biyu Saude ta gane daga cikin ɗakin take fitowa. In kin gyara ki turo min ta gefe, amma don Allah da rana, ni kaɗai nake kwana a satin nan.